Littafin Auta a Rumfar Mai Tabarau

A layin masu gyare-gyare na kasuwarmu, tsakanin mai yanka makulli da mai gyaran agogo, akwai wata rumfa da ba ta fi shimfiɗar tabarma ɗaya ba. Tebur ne a ciki mai murfin gilashi, da benci, da madubin da aka rataye da waya. Mai rumfar tabarau yake sayarwa, irin na karatu, wanda mutum ke zuwa nema idan ya ga ya fara nisanta takarda da fuskarsa kafin ya gane abin da ke jiki. Gwada ake kiransa, saboda amsarsa ɗaya ce ga kowa. Ka tambaye shi ko wannan zai yi maka, ko wancan yana da ƙarko, ko za a yi ruwa yau, zai ce maka gwada ka gani.

Tela ne shi tun yana saurayi. Ya fi rabin rayuwarsa a kan keken ɗinki, har ya wayi gari yana roƙon masu kawo ɗinki su zura masa zare a allura. Ya ce abin bai dame shi ba sai ranar da wata mata ta zura masa zaren, ta dube shi, ta naɗe yadinta ta tafi. Ya sayi tabarau a hannun wani mai yawo da su a faranti, ya sa, kansa ya yi ta sara kwana da kwanaki. Ya bi mutumin har tasha, ya zaunar da shi, ya gwada duk abin da ke kan farantin ɗaya bayan ɗaya har ya sami daidai da idonsa. A nan ya gane mai farantin bai san abin da yake sayarwa ba, kuma garin cike yake da masu ciwon kai irin nasa. Ya sayar da keken, ya shiga sana'ar. Matarsa ta ce ya taɓu, kuma har yau idan ta kawo masa abincin rana takan tuna masa.

Ba ya yarda a kira shi likita. Wanda ya zo da jan ido ko yanar ido, asibiti yake tura shi, ko da ya riga ya sa hannu a aljihu. Sauran mutane kuwa gwaji yake yi musu, iri biyu. Wanda ba ya karatu, allura da zare yake miƙa masa. Mai karatu, a da tsohuwar jarida yake ba shi, har zuwan wani tsohon direba da ya rubuta labaran da ya tsinta a kan hanya, ya buga da kuɗin sallamarsa, kantunan littattafai suka ƙi karɓa. Direban ya ture jaridar, ya ce a gwada shi da littafinsa, tunda dai babu wanda zai karanta in ba shi ba. Da zai tafi ya manta littafin a kan tebur, ko kuma ya yi kamar ya manta. Mutumin da ya zo bayansa da shi aka yi masa gwaji, ya gama biyan tabarau, ya ƙi ajiye littafin.

Daga nan Gwada ya tsara abinsa. Marubutan da suka buga littattafansu da kansu, suka rasa inda za su kai, suka fara jin labarinsa. Ba ya karɓar littafi sai ya karanta shi daga bango zuwa bango, kuma waɗanda ya mayar sun fi waɗanda ya karɓa. Ba ya jera su a tebur, a akwati suke ƙarƙashin ƙafarsa. A kowane littafi shafi ɗaya yake zaɓa, wanda ya ƙare ana tsakiyar magana. Zai ɗora wa mutum tabarau, ya buɗe masa shafin, ya yi shiru. Da zarar yatsa ya kai gefen takarda zai juya, sai ya fizge littafin.

"Tabarau ya yi. Kawo."

Abin da ya rage tsakanin mutum ne da zuciyarsa. Idan an saya, rabon marubuci a hannu yake ba shi ranar da ya leƙo, babu jeka ka dawo.

Masu layin littattafai sun taɓa turo masa wakilai, wai kowace sana'a da layinta, ya tsaya a kan gilasansa. Ya jawo akwatin, ya buɗe a gabansu.

"Ku duba da kyau. Duk wanda ɗayanku ya taɓa karɓa a cikin waɗannan, ya ɗauka, na bar masa. Waɗanda kuka kora ne nake ba wurin zama. Ko korar ma taku ce ku kaɗai?"

Ba su ɗauki ko ɗaya ba, ba su kuma sake dawowa ba.

Ni ban san duk wannan ba ranar da na fara shiga rumfar. Abin da na sani shi ne akwai katan-katan na littattafai a ɗakin 'yata, kuma na rasa yadda zan yi da su.

Auta muke ce mata, ita ce ƙarama a gidan. Ba ta kai talatin ba ciwo ya ɗauke ta. Littafin ita ta rubuta, ita ta zaɓi bangon, ita ta biya maɗaba'a daga albashinta, amma katan-katan ɗin sun iso gidan bayan an gama karɓar gaisuwa. Labarin wa da ƙane ne da suka ci gadon motar ɗaukar kaya guda ɗaya daga mahaifinsu. Aka raba, wan ya sami kai da inji, ƙanen ya sami bodi da tayoyin baya. Ba sa magana da juna, amma dole su yi tafiya tare, saboda haka duk saƙonsu ta bakin fasinja ko makanike yake bi. Littafin ban dariya ne. Lokacin da take rubuta shi nakan ji ta ta bango tana ƙyalƙyala dariya ita kaɗai, har mahaifiyarta ta leƙa ta ga ko waya take yi.

Dangi sun saya. Yayata ta ɗauki goma, ta jera su a kabad ɗin da take ajiye farantan baƙi. Ƙanen matata ya ce ba zai iya buɗewa ba, kuma na yarda da shi. Wata ƙawar Auta ta kira ni ta ce ta karanta, tun daga shafin farko take kuka har ƙarshe. Na yi mata godiya. A shafin farkon nan akuya ce take cinye takardun motar a gaban ɗan sanda.

Na kai shi babban kantin littattafai na garin, mai bene da na'urar sanyaya ɗaki. Manajan mutum ne mai ladabi. Ya ce littattafan da mutane ke bugawa da kansu ba sa motsi a kanta, sai dai wannan yana da abin da sauran ba su da shi. A sake bango, a sa hotonta babba, a rubuta marigayiya a sama da sunanta, a shirya taro ni in zo in yi magana a kan rashin da muka yi. Ya ce zai karɓe duka. Ya faɗi kason da za su ɗauka, ya fi rabi, kuma sai an sayar a biya. Kason bai dame ni ba. Na tambaye shi ko ya karanta littafin. Ya ce zai sa a duba. Na ɗauki kwafina daga kan teburinsa, na sauko.

A makon nan ne ƙafar tabarauna ta karye, aka kwatanta mini rumfar Gwada. Ya ga biro a aljihuna, ya ce, "Zauna, Injiniya."

"Ni ba injiniya ba ne. Awon filaye na yi har na ajiye aiki."

"Duk ɗaya ne, ku ne masu hana mutane gini."

Ya ce gyaran ƙafar ba wuya, amma gilashin ya yi mini rauni. Ya ɗora mini wani, ya buɗe mini littafin tsohon direban nan. Na kai ƙasan shafin, daidai inda birki ya tsinke a kan gangara, ya fizge. Na koma gida da sabon tabarau da littafin da ban yi niyyar saye ba. Washegari na dawo da na Auta.

"'Yata ce ta rubuta," na ce. Ban ƙara komai a kai ba.

"Kowa 'yarsa ce ta rubuta. Ajiye. Idan bai yi ba zan gaya maka bai yi ba, kada ka zo kana min fushi."

Da na koma, tun daga bakin layin mai gyaran agogo ya tare ni. Shi ne maƙwabcin Gwada, kuma aikinsa na biyu a duniya tsokanarsa.

"Kai ne uban mai littafin? Ka zo ka ɗauki abokinka. Tela ya zama likita, likita ya zama farfesa, yanzu farfesa ya zama mahaukaci. Tun shekaranjiya yake dariya shi kaɗai, masu kawo min agogo suna tsallake layin."

Gwada bai kula shi ba. Ya riga ya zaɓi shafinsa, inda motar ta mutu a kan gada, wan ya ce a gaya wa mai bodi ya sauka ya tura, ƙanen ya ce a gaya wa mai inji cewa ɓangarensa lafiya lau yake. Ya karanta mini da ƙarfi, yana dukan tebur, gilasai suna rawa. Shi ne mutum na farko da na ga ya yi dariya a kan littafin tun da ya fito daga maɗaba'a. Na juya ina duban madubin da ke rataye har ya gama.

"Kawo katan ɗaya," ya ce. "Sannan ka turo min ita."

Wannan ita ce ƙa'idarsa da ba ya ɗagawa. Duk marubucin da ya karɓi littafinsa sai ya zo ya zauna a kan bencin yini guda, bakinsa a rufe, kamar mai jiran a ɗaure masa ƙafar tabarau, ya kalli fuskar baƙo a kan shafinsa. Gwada ya ce a nan mutum ke gane inda ya yi surutu da inda ya yi magana. Tsohon direban ya zauna. Wata malamar makaranta ta zauna, ta tashi ta je ta yanke babi guda a bugu na biyu.

"Ba za ta iya zuwa ba," na ce.

"Duk haka suke cewa. Kunya ce ko girman kai?"

"'Yar Injiniya ce fa," in ji mai agogo ta saman katangar katako. "Bencinka ƙusa gare shi."

"Ta rasu," na ce. "Kafin littafin ya fito."

Mai agogo ya cire gilashin da ke manne a idonsa. Gwada ya rufe littafin a hankali, ya ɗora tafinsa a kan bangon. Suka yi mini gaisuwa yadda ya kamata, na amsa yadda ya kamata. Na kawo katan ɗin da yamma.

Ban koma ba sai da aka kwana biyu. Ya tarbe ni da fara'a, ya ce katan ya kusa ƙarewa, bai taɓa ganin littafin da ya yi gudu haka ba. Na ji daɗi, na zauna a bencin in huta. Sai ga wani mutum mai jakar ofis ya zo neman tabarau. Gwada ya ɗora masa, ya sunkuya ya ɗauko littafin, ya goge hannunsa a riga, ya miƙa da hannu biyu. Muryarsa ta sauka.

"Yarinyar da ta rubuta wannan, Allah ya yi mata rasuwa. Ƙuruciya ɗanya."

Mutumin ya gyara zama. Ya karanta shafin gadar da irin fuskar da ake shiga gidan gaisuwa da ita. Ya kai ƙasa, ya juya, Gwada bai hana shi ba. Ya girgiza kai, ya ce Allah ya jiƙanta, ya ce a ba shi biyu. Ko farashi bai tambaya ba.

Na bari ya yi nisa.

"Haka kake sayar da su?"

"Ka ga dai, biyu ya ɗauka."

"Na gani. Ɗaya zai shiga kabad, ɗaya zai ba wani ya sa a kabad. Malam Gwada, abin da na hana mai bene da na'urar sanyi, shi ka zo kana yi min a ƙarƙashin kwano."

"Kada ka haɗa ni da wancan. Ni na karanta."

"Shi ya sa naka ya fi ciwo. Ka karanta, ka yi dariya har maƙwabta suka yi ƙara. Mutum nawa suka yi dariya a nan tun da na gaya maka?"

Ya cire tabaransa, ya goge, ya mayar.

"Injiniya, duk wanda na gaya wa, sai ya yi mata addu'a kafin ya bar nan. Mutanen da ba su taɓa ganinta ba. Kai ubanta ne, za ka ce in rufe bakinsu?"

Maganar ta shige ni, don ba ta banza ba ce. Amma na riga na san amsata tun a benen can.

"Addu'a muna yi mata safe da yamma, kuma ba za mu daina ba sai mun bi ta. Masu tausayi kuma ta same su, sun cika min gida. Abin da ta zauna ta yi wa wannan wahalar shi ne mai karatu, kuma shi ne kake kore mata. Ba sadaka ta rubuta ba. Ba ni sauran."

"Ɗauki abinka. Hannuna ba zai fizge littafin mamaci daga hannun mutum ba. Ba a yi min tarbiyya haka ba."

Na rungumi katan ɗin na fita. Mai yanka makulli ya kashe injinsa don ya ji da kyau, mai agogo kuwa ya yi kamar yana neman wani abu a ƙasa.

A gida na mayar da katan ɗin ɗakin Auta. Mahaifiyarta tana ninke kaya a falo, ta saurare ni har na gama.

"Shi yana son a yi mata addu'a, kai kana son a yi mata dariya," ta ce. "Wanne ne a ciki Auta za ta ce ba ta so?"

"Ba a haɗa su a lokaci ɗaya."

"To wa ya ce lokaci ɗaya? Ku dai tsofaffi ne biyu da ba ku da aikin yi."

Ban koma rumfar ba, amma ina da agogon bango da ya daɗe a tsaye, na kai wa mai agogo. Gwada yana zaune taku kaɗan daga wurin, yana goge gilashin da ba shi da datti.

"A gaya wa Injiniya," ya ce, yana duban titi, "tsohon tabaransa da ya bari an ɗaure ƙafar tun tuni. Nan ba ma'ajiya ba ce."

"A gaya wa mai tabarau na bar masa."

"A gaya masa akwai wani mai sayar da taya da aka ba aron littafin, bai san komai ba, ya zo nan yana neman nasa yana dariya kamar zai shiƙe. Na ce babu, mai kayan ya kwashe."

Mai agogo ya ajiye abin da ke hannunsa. "Ni fa na karanta littafin nan. Idan kun mai da ni fasinja, ku biya ni kuɗin mota. Wane ne mai inji a cikinku, wane ne mai bodi?"

Gwada ne ya fara juyowa. Ya ce ya yi tunani, kuma ba wai ya yarda na fi shi gaskiya ba ne. Ga abin da zai iya. Kafin mutum ya karanta, ba zai ce komai ba, zai miƙa littafin da hannu ɗaya kamar kowane littafi. Wanda ya karanta ya dawo, a gaya masa, ya yi addu'arsa. Wanda kuma ya tambaye shi kai tsaye ina marubuciyar take, ba zai yi ƙarya ba, ko an karanta ko ba a karanta ba.

"Ban ce ka yi ƙarya ba."

"Saura benci. Ƙa'ida ƙa'ida ce, ban ɗaga wa kowa ba. Tunda ba za ta zo ba, kai za ka zauna. Kuma bakinka a rufe, ban da gyaran murya, ban da wannan kallon naka na awon fili."

Na dawo da katan ɗin, na zauna.

Na farko da ya zo wani tsoho ne da ke son ya riƙa karanta takardar magani da kansa. Gwada ya miƙa masa littafin da hannu ɗaya, ɗayan hannun ya cusa a aljihu kamar wanda ya ɗaure shi. Tsohon yana karatu leɓɓansa suna motsi. A tsakiyar shafi hancinsa ya yi wani ƙaramin sauti. Yatsansa ya tafi gefen takarda. Na ga Gwada ya yi jinkiri, ya dube ni, sannan ya fizge da ƙarfin da ya wuce kima, har tabaran tsohon ya zame.

"Kai, wane irin rashin kunya ne wannan? To sun tura motar ko ba su tura ba?"

"Ni tabarau nake sayarwa, Baba."

Tsohon bai sayi littafin ba, ya ce kuɗin magani ne a jikinsa. Ya tafi yana mita, ya kai bakin layi ya tsaya, na ga kafaɗunsa suna rawa. A yinin nan mutane da yawa sun karanta shafin, kaɗan ne suka saya. Littafin ya rage gudu sosai, kuma har yau bai koma yadda yake a kwanakin tausayi ba. Gwada yakan tuna mini da wannan duk lokacin da ya ga dama. Ni kuma yini guda aka ce in yi a bencin, amma na ci gaba da zuwa.

Ina zaune wata ranar da hantsi sai ga wata mata ta shigo da saurinta, gari a hannun rigarta. Tana da gidan burodi a bayan tasha, kuma a hannun Gwada ta sayi tabaran da ke rataye a wuyanta. Ta ciro littafin daga jaka. Bangon ya naɗe, akwai tabon mai a gefe. Ta buga shi a kan tebur.

"Mai tabarau, kai da wannan yarinyar kun ja min asara. Ina karatu tire guda ya ƙone. Ma'aikatana yanzu ba sa kiran juna da suna, sai mai inji da mai bodi."

"To ai kin mori kuɗinki."

"Ban mora duka ba. Babin ƙarshe ba ta kyauta ba. Mutum biyu sun shekara ba sa magana, sai kawai a shafi uku su shirya? Wa ta taɓa gani ya shirya haka? Ni da yayata a kan tukunya ɗaya muka yi shekara biyar muna gaba. Sauri ta yi, kamar mai gudun kada mota ta tashi ta bar ta. Ka gaya mata in ji ni."

Gwada ya dubi tebur, sannan ya nuna ni da haɓa.

"Ga mahaifinta nan. Gaya masa da kanki."

Ta juyo ba tare da ta ji kunya ba. "Baba, kai ne? To ka ji. 'Yarka tana da baki, Allah ya ba ta. Amma ka ce mata ta zauna ta gama abu idan ta fara."

Na san a gadon asibiti aka rubuta babin nan, na san yadda take jingina takardar a gwiwa saboda hannu ɗaya ne babu allura a jiki. Da na faɗi wannan, da matar nan ta janye maganarta har ta ba ni haƙuri. Ban faɗa ba.

"Kin karanta duka?" na tambaye ta.

"Sau biyu. Na biyun don in tabbata ba ni ce na tsallake shafi ba."

"To zan gaya miki wani abu, amma da sharaɗi. Abin da kika faɗa a kan babin nan, kada ki janye shi."

"Me zai sa in janye?"

"Ta rasu. Kafin littafin ya fito."

Matar ta zauna a ɗaya gefen bencin. Ta ɗauki littafin daga tebur, ta shafa bangon da ya naɗe tana son ta miƙar da shi, ya ƙi. Ta yi wa Auta addu'a mai tsawo, a hankali, Gwada da mai agogo suna amsawa. Ta tambayi shekarunta, na faɗa mata. Ta tambayi mahaifiyarta, na ce tana nan da haƙuri. Injin mai makulli yana ta ƙara a gefe.

Da ta tashi tafiya ta mayar da littafin jaka, ta tsaya a bakin rumfar, ta goge idonta da bayan hannu, gari ya shafu a kumatunta.

"Allah ya ba ku haƙuri, Baba," ta ce. "Amma babin ƙarshen nan dai, gaskiya an yi sauri."

"An yi," na ce.